Tambayi Likitan Dabbobi: Muzuruna ya yi fari fat, amma an duba jini an ce ba a ga komai ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, da fatan kana lafiya da kai da iyali. Ni matar aure ce a nan Kofar Kaura cikin Katsina, ina da wani muzuru da na raina tun idonsa bai buɗe ba, yanzu shekararsa 3. Yau kusan sati biyu ke nan ya daina cin abinci, kullum yana kwance ƙarƙashin gado jikinsa zafi rau, har ƙasa na ga yana lasa, da na ɗaga leɓensa sai na ga dasashin ya yi fari fat kamar takarda. Maigida ya kai shi wajen malamin dabbobi aka ɗebi jini aka duba a madubi, aka ce jininsa ya yi ƙasa sosai amma ba a ga wata ƙwayar cuta ba, aka yi mishi allurar penisilin kwana 3 amma shiru ba canji. Ƙanena da ke karatu a jami'a ya ce akwai wani gwaji wai shi PCR irin wanda aka riƙa yi lokacin korona, wai shi ne zai nuna. Don Allah likita mene ne wannan gwajin, da gaske ana yi wa kyanwa shi? Mutanen gida sai dariya suke min wai duk a kan mage nake wannan ɗawainiya, ni kuwa wallahi ko barci ba na iya yi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya kuma ba ki ladan tausayi. Kar dariyar mutanen gida ta dame ki, rai ne Allah ya ba ki amana, kuma kin san sahabin da muke kira Abu Huraira ai daga ƙaunar 'yar kyanwa ya samo wannan laƙabin. Na ɗauki tambayarki na ba ta fili babba a wannan makon saboda ba ke kaɗai ba ce, na sha ganin irin wannan a wurin aiki, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne yadda kalmar "ba a ga komai ba" ke sa mutane su koma gida su naɗe hannu har dabba ta mutu.

Ƙanenki ya yi gaskiya. Amma bari in fara da abin da nake zargi tukuna, don sai kin san ɓarawon za ki gane dalilin da ya sa yake da wuyar kamawa.

Duk abin da kika lissafa, muzuru ne namiji mai fita yawo, zazzaɓi, ƙin cin abinci, lasar ƙasa, dasashi fari, ya yi kama da aikin wata bakteriya mai suna Mycoplasma haemofelis. Ita wannan ba ta shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini kamar yadda ƙwayar maleriya ke yi a jikin mutum, a bayansu take maƙalewa kamar kaska a kunnen saniya. Da sojojin jiki suka ga ƙwayar jini da wannan baƙon a bayanta sai su ɗauke ta a matsayin maƙiyi, saifa ta kama ta ta farfasa. Kin ga ke nan jikin kyanwar ne da kansa yake rusa jininsa. A ƙa'ida ƙwayar jinin kyanwa tana yin kamar kwana 70 kafin ta mutu ɓargo ya kawo sabuwa, to a wannan ciwon ana rusa su da sauri fiye da yadda ɓargon zai iya biya, shi ya sa cikin 'yan kwanaki dabba take ɗashewa, wani lokaci ma idon ya yi ɗorawa-ɗorawa kamar mai shawara. Awon jinin da aka yi mishi, wanda muke ce wa PCV, a lafiyayyar kyanwa yana kamawa daga kashi 30 zuwa 45 cikin 100, idan ya sauko ƙasa da 15 to an shiga haɗari sosai. Ki sa maigida ya tambayo lambar da aka samu, tana da amfani.

Cutar ba sabuwa ba ce. Tun 1942 aka fara bayyana ta a jinin kyanwa a Afirka ta Kudu, kuma shekaru da yawa ana kiranta Haemobartonella felis, mu ma da wannan sunan aka koya mana ita. Sai a 2001 aka canza mata suna da dangi gaba ɗaya, bayan an karanta ƙwayoyin halittarta aka ga ashe 'yar gidan Mycoplasma ce. Wannan canjin suna ba wasan malamai ba ne Hajiya, shi ne ma ya amsa miki dalilin da ya sa allurar da aka yi ba ta yi aiki ba. Penisilin da amoksisilin da danginsu bangon jikin bakteriya suke fasawa, ita kuwa Mycoplasma Allah bai yi ta da bango ba sam, to me maganin zai fasa? Ko wata guda aka yi ana tsira mishi wannan allurar ba abin da zai taɓa ta.

Yanzu maganar madubi, wato na'urar likita mai girmama ƙananan abubuwa. Kar ki ga laifin malamin da ya duba, abin da yake da shi a hannu ya yi amfani da shi, kuma ni ma da shi nake farawa. Ana ɗiga jini a kan gilashi a shafe shi siriri, a rina shi da wani rini da ake kira Giemsa irin dai yadda ake duba maleriya, sai a nemi wasu 'yan ɗigo-ɗigo a gefen ƙwayoyin jini. Matsalar ita ce ƙanƙantarta ta wuce misali, ba ta kai maikuromita 1 ba, wato ki raba milimita ɗaya gida 1000 to ba ta cika kashi ɗaya ba. Sannan tana zuwa ne tana tafiya, da safe za ka iya ganin ta cika jini maƙil, kafin la'asar ka sake ɗiba ka ga wayam kamar an share. Idan kuma jinin ya daɗe a kwalba kafin a shafa a gilashi sai ta saki ƙwayoyin jinin ta zube, mai dubawa ya ga komai fes. Ta ɗaya ɓangaren kuma, dattin rini ko wasu ɗigo da ake samu a jinin kyanwa ko da lafiyarta ƙalau suna iya kama da ita, sai a ce akwai alhali babu. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai masu zuwa koyon aiki cewa "ban gani ba" daban, "babu" daban. Duba wannan ƙwayar a madubi kamar hango mutum ne daga nesa ranar da hazo ya sauko, ka ga alamar wani abu amma ba za ka rantse ko wane ne ba.

Wani zai ce to a shuka ta mana a lab kamar yadda ake yi wa fitsari ko majina ta tsiro a gani. Nan ma hanya ta toshe, har yau ba a iya rainon wannan bakteriyar a faranti ba, ba ta rayuwa sai a jinin dabba. Da madubi ya gaza, shuka ta gaza, sai aka koma karanta rubutun da ke cikin jikinta, wato DNA.

Ga yadda zan kwatanta miki. A da idan baƙo ya shigo kasuwa dattawa ba sa tambayarsa daga ina, askar fuskarsa suke dubawa, wannan Bagobiri ne, wannan Badauri, wannan Bakatsine. Kowace halitta tana da irin wannan askar a rubuce cikin DNA ɗinta. A bakteriya akwai wani yanki da ake kira 16S rRNA, duk suna da shi amma rubutun kowacce ya ɗan bambanta, to shi ake nema. Sai dai a cikin ɗigon jini DNA ɗin kyanwar ne ya cika ko'ina, na ƙwayar cutar ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar gero ɗaya a cikin buhun dawa. Aikin PCR shi ne ya nemo wannan ƙwayar geron ita kaɗai ya yi ta ninka ta har sai ta yi yawan da za a gan ta. Injin fotokwafi ne, amma shafi ɗaya tak aka ba shi umarni ya kwafa.

A aikace, da farko ana fasa ƙwayoyin jinin a tace DNA a wanke shi. Sai a zuba ɗan kaɗan a wata 'yar roba ƙarama, a haɗa da wasu gajerun guntayen DNA guda biyu da aka ƙera musamman, ana ce musu firaima, waɗanda ba za su manne a ko'ina ba sai a kan rubutun wannan ƙwayar cutar, kamar makulli da kwaɗonsa. A ƙara da wani sinadari mai yin kwafin, sunansa Taq, wanda aka samo daga wata bakteriya da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi a Yellowstone ta Amurka, shi ya sa zafi ba ya kashe shi. Sai a sa a inji. Injin ya ɗaga zafi zuwa wajen digiri 95, igiyoyin DNA biyu da ke tufke su warware, ya sauko wajen 55 zuwa 60 firaima su kama wurinsu, ya koma 72 Taq ya rubuta sabon kwafi. Zagaye ɗaya ke nan, ɗaya ya zama 2. Na gaba 4, sai 8, sai 16, haka haka, idan aka yi zagaye 30 ƙwaya ɗaya ta haura biliyan 1, kuma duk wannan cikin awa 2 zuwa 3. Idan babu ƙwayar cutar a jinin firaima ba su da wurin kamawa, ba abin da zai ninku. Wani Ba'amurke mai suna Kary Mullis ne ya fito da dabarar a 1983, aka ba shi kyautar Nobel a 1993. Ni har yau idan na tsaya gaban wannan injin sai na yi tasbihi, abin da ido ba ya gani a ce an ƙirga shi.

Iri biyu ne aka fi yi. Na da, wanda bayan an gama ninkawa ake zuba abin a wani abu mai kama da kamu mai daskarewa a sa wutar lantarki ta ja shi, sai layi ya fito a gurbin da ake tsammani, wannan "akwai" ko "babu" kawai zai ce miki. Sai na zamani da ake kira qPCR, shi ne irin wanda aka yi ta amfani da shi a 2020 lokacin korona, kuma na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita a asibitocinmu ita ma wannan hanyar take bi. Shi yana haskawa ne yayin da kwafin ke ƙaruwa, kwamfuta tana lissafi, don haka har yawan ƙwayoyin cutar zai faɗa, kuma idan aka sake gwadawa bayan magani za a ga sun ragu ko ba su ragu ba. Idan ana son tabbaci na ƙarshe sai a aika abin da aka ninka a karanta haruffansa ɗaya bayan ɗaya a gwada da waɗanda aka ajiye a rumbun bayanai na duniya.

Akwai wani amfanin da madubi ba zai taɓa ba ki ba. Ashe ƙwayar cutar ba iri ɗaya ba ce, uku ne a jinin kyanwa. Akwai haemofelis ɗin da na faɗa, ita ce muguwar, ita kaɗai tana iya kayar da lafiyayyen muzuru. Akwai haemominutum, ita ta fi yawa a kyanwoyi amma galibi zama kawai take ba ta cika yin ɓarna ba sai in jikin dabbar ya riga ya yi rauni. Sai turicensis da aka gano a Siwizalan a 2005, sunan ma daga tsohon sunan birnin Zurik aka ɗauko shi, ita wannan kusan ba a ganinta a madubi ko kaɗan, PCR ne ya tono ta. To a nan ne nake son ki buɗe kunne da kyau, domin nan ne har likitoci ke zamewa. Idan sakamako ya dawo an ce akwai haemofelis kuma ga jini ya yi ƙasa, to an kama ɓarawo da kaya a hannu. Amma idan haemominutum aka samu kuma dabba ta yi fari fat haka, kar a tsaya a nan, a ci gaba da bincike, don sau da yawa akwai wani abu a ƙarƙashi, kamar cutar FeLV mai lalata ɓargo ko FIV mai karya garkuwar jikin kyanwa, ko ciwon ƙoda, ko ma ƙuma ce da tsutsar ciki suka shanye jinin. Gwajin ya ce miki ƙwayar tana nan, bai ce ita ce ta yi aika-aikar ba, wannan hukuncin na likitan da ya taɓa dabbar da hannunsa ne.

Sai maganar a ina. Ba zan ɓoye miki ba Hajiya, ba gwaji ne da za a shiga kowane asibitin dabbobi a yi shi nan take ba. Wuraren da za a fara tuntuɓa su ne manyan cibiyoyi, irin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take aiki tun 1924, da tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Likitanku ne zai kira ya tambaya ko suna da firaima na wannan cutar a ƙasa da kuma kuɗin, domin samun inji daban, samun firaima daban. Ba sai an ɗauki muzurun an yi tafiya da shi ba, jini ake aikawa, rabin mililita zuwa mililita 1 ya isa, a kwalba mai murfi ruwan hoda-shuɗi wato ta EDTA, kar a sa a mai koren murfi don sinadarin cikinta yana hana gwajin aiki. A sa kwalbar a cikin kula mai ƙanƙara, kin san zafin garin nan. Kuma abu mafi muhimmanci, a ɗebi jinin KAFIN a fara maganin da ya dace, don da an fara ƙwayoyin za su ragu gwaji ya iya cewa babu.

Amma don Allah kar ki zauna jiran sakamako. Yadda kika kwatanta shi, ni da a gabana yake yau zan ɗebi jini in ajiye a firji, yau ɗin kuma in fara magani. Maganin farko shi ne doksisaikilin, miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsa sau ɗaya a rana, sati 2 zuwa 4, likita ne zai auna shi ya yanka miki adadin. Ki kiyaye wannan: kar a tura mishi ƙwaya ko kafso a bushe, yana maƙalewa a maƙogwaro ya ƙona wurin har ya tsuke daga baya ya kasa haɗiya, a bi shi da ruwa a sirinji ko ɗan abinci kowane lokaci. Galibi cikin kwana 2 zuwa 3 za ki ga ya fara ɗaga kai yana neman abinci. Idan kuwa kika ga yana haki baki buɗe ko ya kasa tsayuwa to a koma asibiti a ranar, wataƙila sai an ƙara mishi jini, kuma su ma kyanwoyi suna da rukunin jini, A da B da AB, ba a ƙara musu haka kawai ba tare da an gwada ba. Ki rubuto mana yadda ya ƙare in sha Allahu.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Daura, ina da kyanwoyi 4 a sito saboda ɓera. Ɗaya ta yi irin wannan ciwon na ƙarancin jini bara ta warke. Shin za ta iya shafa wa sauran, kuma yarana da ke wasa da su fa?

AMSA: Barka kadai Alhaji. Wadda ta warke tana iya ci gaba da ɗauke da ƙwayar a jininta shekaru ba tare da alamar komai ba, magani yana kwantar da ciwon amma ba kullum yake share ta tas ba, kuma PCR ne kaɗai ke iya nuna irin wannan. Cin abinci a kwano ɗaya ba shi ne abin tsoro ba, jini ne hanyarta, faɗa da cizo da yakushi musamman tsakanin muzurai, kuma ana zargin ƙuma sosai. Don haka ka yaƙi ƙuma, ka rage musu faɗa, dandaƙe muzuru yana rage yawon dare da faɗan. Sai dai ina roƙonka kar ka ɗauki maganin kaska na shanu ko na karnuka ko fiya-fiya ka shafa musu, mai sinadarin permethrin yana sa kyanwa farfaɗiya har ta mutu, na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba kuma duk masu su da niyyar taimako suka yi. Game da yara ka kwantar da hankalinka, ba cutar da ke yawo tsakanin kyanwa da mutane ba ce, an dai taɓa ba da rahoton samun irinta a wani mutum mai cutar HIV a Burazil a 2008, don haka wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ya yi hattara da cizo da ƙuma. Yara su wanke hannu, in an yakushe su a wanke wurin da sabulu.

TAMBAYA: Malam likita ni ɗaliba ce, magena ta yi zazzaɓi na ba ta rabin farasitamol, kuma kakata ta ce a ba ta ruwan tafarnuwa yana ƙara jini. Ya halatta?

AMSA: A'a 'yata, ki daina yau ɗin nan. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, rabin ƙwaya ma yana iya kashe ta, yana lalata jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura ta kasa numfashi. Idan yau ko jiya kika ba ta ki kai ta asibitin dabbobi yanzu ki faɗa musu abin da kika ba ta da lokacin, akwai maganin da ke karya shi idan an yi sauri. Tafarnuwa da albasa kuwa, ki gaida min da Kaka ki ce mata a jikin kyanwa farfasa jajayen ƙwayoyin jini suke yi, har miyar da aka soya da albasa da yawa bai kamata a riƙa zuba mata ba. Ki ba ta dafaffen nama ko kifi ko ƙwai ba gishiri ba yaji, da ruwa mai tsabta a kusa da inda take kwanciya.